Tukunya Ta Uku

Tun da zazzaɓin bara ya kwashe wa Inna harshe,
gishiri da zuma duk ɗaya ne a bakinta.
Shekara talatin da biyu tana dafa burkutu a Kaltungo,
yau ga ta zaune gaban tukwanenta
kamar baƙuwa a ɗakin da ta gina.

Sai ta aika a kira mata harsunan aro:
Baba Yila, tsohon hedimasta, da sandarsa,
Kefas mai faci, baƙin mai har gwiwar hannu,
da Gwaggo Saraya, wadda ba ta yabi komai ba
tun ranar da aka yi mata baftisma.

Tukunya uku a gindin ɗorawa,
kowacce da faifai a ka.

Ta fari jar dawa ce zalla, daga kan Tula.
Baba Yila ya hure kumfa gefe,
ya ɗiga wa ƙasa rabonta, ya kurɓa,
ya riƙe a baki kamar mai laluben sunan tsohon ɗalibi.
"Yarinya ce," ya ce.
"Zaƙin tsiro bai sake ta ba. A bar ta ta kwana."

Ta biyu an surka mata gero.
Kefas ya sha, ya tsuke fuska, ya ƙara sha.
"Wannan tsamin mari ne.
A kai wa masu fasa dutse, su za su gode."
Saraya shinshinawa kawai ta yi,
ta ture ƙoƙon da yatsa ɗaya.

Malam Sambo mai dawa ya zo karɓar cikon kuɗinsa,
ya tsaya bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa.
Aka kai masa kunun zaƙi a kofinsa na daban.
Bai taɓa sanin abin da hatsinsa ke komawa ba,
ba ya kuma tambaya.
Ya gaida kowa, ya ƙirga, ya hau kekensa.

Ta uku tawa ce.
Ni na jiƙa, ni na shimfiɗa a bayan ɗaki ƙarƙashin buhu,
kwana huɗu ina yayyafi har ta fid da farin gemu.
Ni na kai niƙa da kuɗin kitso,
na kwana ina tura itacen marke, hayaƙi na cin idona.
Ni da Inna kaɗai muka sani.

Na ɗebo, hannuna na rawa, kumfa ta zubo mini a yatsu.
Baba Yila ya sha bai ce komai ba.
Kefas ya miƙo ƙoƙo a karo na biyu.
Saraya ta kurɓa, ta dubi dutse can nesa,
ta daɗe.
"Briskila, wa ya ce harshenki ya mutu?
Wannan hannunki ne na shekarar da aka kawo lantarki."

Inna ba ta gyara mata zance ba.
Ta jawo kujera, ta kara kunne a wuyan tukunya,
tana sauraron tsiyayar kumfa
kamar mai jin numfashin jariri.
"Surutunta ya yi yawa," ta ce.
"Gobe a rage wuta."
Ta miƙo mini muciyarta, wadda bakinta ya cinye,
ba ta ko dube ni ba.

Da yamma, bayan na kai wa aladu dusa,
na same ta tana kankare gindin tukunyar.
Ta cika rabin ƙoƙo, ta ba ni.
"Sha ki faɗa mini."

Na sha.
Akwai hayaƙi, akwai ɗan ɗaci can baya,
akwai wani abu kamar ƙasa bayan ruwan fari.
Na buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa.

"To," in ji Inna, "haka take."